Tambaya Bakwai

Ruwan Rize ba ya neman izini,
tun asuba yake bugun tagar ofis.
Na ture kofin shayi gefe,
na baje takardun Tayfun, goma sha ɗaya,
duk gwajin da ya yi tun Satumba.

Na ce ya zauna, bai zauna ba.
Takalminsa ya zana taswirar laka a daɓe.
"Malama Nermin, likitanci, a Ankara.
Faɗa mini gaskiya: zan shiga?"

Wa ya ce masa ni mai duba ce?
Alƙalami gare ni da jadawali,
sai makin waɗanda suka shiga bara:
layi siriri kamar silin gashi,
a samansa 'yan dubbai,
a ƙarƙashinsa sauran ƙasar baki ɗaya.

Na bi sahunsa da yatsa.
Disamba, ya hau. Fabrairu, ya ƙara hawa.
A ilimin sinadarai ba ya tuntuɓe,
lissafi kuwa kamar tare aka haife su.
Sai dai in an ba shi dogon nassi,
nan yake zubar da minti ashirin,
yana juya tambaya sau uku
kamar mai tsoron a cuce shi a kasuwa.

Sai Mayu.
Maki ya zube kamar katangar da damina ta ci.
Ban tambayi dalili ba, na ga hannun:
kanta a tafi, kore a ƙarƙashin farce.
Ganyen shayi ya isa yanka a kan tudu,
almakashi ba ya jiran jarrabawa.
Uban yana cikin jirgi a wani teku,
uwar, Hanife, gwiwa ta ƙi hawa.
Buhu nawa ya sauko da su a baya
kafin ya buɗe littafi da dare?
Jadawalina ba shi da gurbin wannan.

Na san abin da ake faɗa a wannan kujera:
"Rage buri, yaro, zaɓi na kusa."
Haka aka ce mini ina sha takwas,
malamin bai ko ɗago kai ba.
Na bi maganarsa. Ban mutu ba.
Amma har yau in motar Ankara ta wuce
sai na duba agogo, ban san dalili ba.

Na kuma san ɗayar, mai zaƙin:
"Kai dai dage, shiga kamar ka shiga."
Ta fi arha, ta fi dafi.
Na ga idanun waɗanda aka shayar da ita
ranar da sakamako ya fito.

Sai na juya takardar ta fuskance shi.
"Duba. In ka rubuta irin na Fabrairu,
ƙafarka ɗaya tana ciki.
In irin na Mayu ne, ko ƙofar ba za ka hango ba.
Tsakaninsu tambaya bakwai ce.
Bakwai, Tayfun, ba saba'in ba.
In ka matsa sai na sa lamba,
ɗaya cikin uku. Ba gyara, ba ragi."

Ya yi shiru, har na ji ɗigon rufi a bokiti.
Na zaci kuka, ko fushi.
"Ɗaya cikin uku?
Kawuna cewa ya yi ɗaya cikin dubu."
Ya ɗauki birona bai tambaya ba,
ya rubuta bakwai a bayan hannunsa,
dab da inda almakashi ya taɓa yankarsa.

Kwana ashirin da shida suka rage.
Ya fita cikin ruwan, ba lema.
Na ɗauki waya ina neman lambar Hanife,
ina tunanin ɗan ƙanwata mai barcin hantsi
wanda tafinsa bai san kanta ba,
da nawa ake biyan mai yankan ganye a wuni.

Shayina ya huce. Na shanye shi a haka.
A ƙasa akwai takardun wata yarinya.
Ita tazararta tambaya sha tara ce,
ga ta can tana kakkaɓe lema a bakin ƙofa.